Wata Kamarun Daban

Da na ce wa Inna a waya zan tafi Kamaru, sai ta yi ɗan shiru, can ta ce, "Kai da ka tafi karatu Indiya, me ya haɗa ka da Garwa?" Dariya ta hana ni magana. Na ce mata ba Kamarun su Kawu ba, wata ce daban, a nan Indiya take, can ƙuryar arewa maso gabas. Tsohon sunanta Kamarupa, yau ana ce mata Asam. Ibn Batuta, matafiyin nan ɗan Maroko, shi ne ya rubuta sunan da Larabci ya fito "Kamaru". Ya bi ta duwatsun ƙasar wajen shekarar 1345 don ya ziyarci wani shehi mai suna Jalaluddin, kuma ya ce mutanen wurin sun shahara da sihiri. Shi ɗin dai ne a 1353 ya sauka Takadda a ƙasar Agadas, har ya ambaci Gobir a cikin garuruwan da ake kai wa jan ƙarfe.

Wautar da na yi ita ce faɗa mata maganar sihirin.

"To me za ka je yi wurin matsafa?"

"Kallo ne kawai, Inna, da tambaya."

"Tambaya. Ka dai riƙe azkar ɗinka, kuma kada ka ci naman da ba ka ga yankansa ba."

Abin da ban tsaya yi mata bayani ba shi ne wani littafi da na ci karo da labarinsa a ɗakin karatu a Kolkata, inda nake karatun tarihi. Da Larabci yake, sunansa Haudul Hayat, kuma ya ce shi fassara ce ta wani littafin masu yoga da ake kira Amritakunda. Muƙaddimarsa ta ba da labarin wani jogi, wato mai yoga, daga Kamarupa da ya zo birnin Lakhnauti a Bengal a farkon ƙarni na 13, ya yi muhawara da alƙalin gari, ya musulunta, ya miƙa littafin. Masana suna shakkar labarin, amma littafin kansa yana nan: yadda ake riƙe numfashi, yadda ake zama, da wasu gurare a cikin jiki da ake tara hankali a kansu. A ƙarni na 16 wani shehin ɗariƙar Shaɗɗariyya, Muhammad Gausu na Gwaliyo, ya mayar da shi Farisanci. Abin ya ɗaure mini kai. Hanyar da wannan littafi ya fito daga cikinta ita ake kira tantra, kuma idan ka rubuta "tantra" a intanet yau, abin da zai fito sai ka yi sauri ka kife wayar kada wani ya leƙo. Ibn Batuta ya ce sihiri, intanet ta ce batsa. To me malaman sufaye suka gani a ciki har suka ɓata tawadarsu?

Abokin ɗakina ɗan Asam ne. Da na yi masa wannan tambaya sai ya ce shi injiniya yake karanta, amma yana da kawu, tsohon malamin harshen Sanskirit da ya yi ritaya, wanda ya shafe rayuwarsa a kan wannan hanya. Hutun Disamba na zuwa muka sayi tikiti.

Daga tashar Howrah muka tashi da la'asar, tafiyar kusan awa 18. Ni aka ba gadon sama. Da dare ya fara, a tashar Rampurhat, wasu mutum uku suka shigo taragonmu sanye da jajayen tufafi, goshinsu shafe da jan gari, ɗaya gashinsa ya dunƙule ya sauko har gadon baya. Abokina ya raɗa mini cewa daga Tarapith suke, wani wurin ibadar masu tantra da ke manne da filin ƙona gawa, inda wasu ke kwana suna wuridi a tsakanin toka. Na gyara kwanciya na jawo Ayatul Kursiyyu. Ba a jima ba mai gashin ya ciro waya yana kallon wasan kurket, yana tsaki duk lokacin da aka fitar da ɗan wasansu. Cikin dare muka wuce Malda, kusa da kangon Lakhnauti ɗin nan na littafi, ban ga komai ba sai fitilun tasha. Muka ratsa siririn zirin ƙasar nan da Indiyawa ke kira wuyan kaza, wanda shi kaɗai ya riƙe jihohin arewa maso gabas da sauran ƙasar. Gari ya waye mana a cikin gonakin shinkafa da aka riga aka girbe, ga gora da dogayen itatuwan tamul, hazo ya kwanta kamar na tsakiyar hunturu a Katsina sai dai wannan jiƙaƙƙe ne.

Sai kogin Brahmaputra. Na ga Kwara a Jebba, na ga Binuwai a Makurɗi, amma da jirgi ya hau gadar Saraighat na rasa ɗaya gaɓar a cikin hazo. A hagu, bayan mun ƙetare, wani tudu mai duhun itatuwa ya taso daga bakin ruwa. Abokina ya haɗa tafukansa ya sunkuyar da kai. Dutsen Nilacal ke nan, inda wani babban ɗakin bautar masu tantra yake.

Gidan kawun nasa yana gindin dutsen, a gefen birnin Guwahati. Abokina "Mama" yake ce masa, don haka suke kiran ɗan'uwan uwa, ni kuwa bakina ya ƙi ɗaukar kiran dattijo mai furfura da Mama, sai na tsaya a kan Baba, shi ma bai damu ba. Na zaci zan tarar da mai jajayen idanu da ƙoƙon kai a hannu. Wani siririn tsoho na gani da tabarau da rigar sanyi, kwalin maganin ciwon suga a kan tebur. Ya rataya mini gamosa a wuya, wani farin ƙyalle mai jan baki da suke karrama baƙo da shi, matarsa ta kawo tamul a ƙaramin faranti na tagulla. Tamul shi ne goronsu: da shi ake tarar baƙo, da shi ake neman aure, da shi ake ba da haƙuri. Ana naɗe shi a ganye da ɗan farar ƙasa. Na tauna don kada a ce na raina, cikin minti biyu kunnuwana suka ɗau zafi, gumi ya karyo mini a cikin sanyin nan, yaran gida suna ta ƙyaƙyata dariya. Abinci kuwa an riga an gaya musu, shinkafa ce da miyar kifi mai tsami, babu nama. Wasiyyar Inna ta cika ba tare da na buɗe baki ba.

Washegari da sassafe muka hau dutsen. Hanya ce mai lanƙwasa, gefe da gefe rumfunan masu sayar da jajayen furanni da jan ƙyalle da turaren tsinke da kwakwa. Komai ja. A ƙofa aka tuɓe takalma, dutsen ƙasa sanyi kamar ƙanƙara. Ginin da ke tsaye yanzu an sake gina shi ne a 1565, zamanin sarkin Koch mai suna Naranarayan, ƙubbarsa kamar an kife amyar zuma, jikin bangon duk sassaƙe-sassaƙe. Tantabaru ko'ina, wasu an shafa musu ja a ka. 'Yan awaki suna yawo a tsakanin ƙafafun mutane, su kuma waɗannan an kawo su ne aka sake su. Waɗanda ba a saka ba suna can wata rumfa a gefe, inda ake sare kan bunsuru da sara ɗaya. Na ga jinin yana bin magudana, na kau da kai. Ba jini ne baƙona ba, ni da nake riƙe ƙafar rago duk Babbar Salla; sunan da ake ambata ne ya bambanta, kuma a nan ne zuciyata ta ce mini ga iyakarka.

Don haka ban shiga layi ba. Na ce wa abokina ya je, zan jira shi a farfajiya. Awa uku da wani abu ya yi kafin ya fito, goshinsa ja, hannunsa a jiƙe. Shi ya ba ni labarin ciki. Ana sauka ta wata ƙunƙuntar matakala zuwa kogo mai duhu, fitilar mai kaɗai ke ci. Kuma babu gunki. Wannan ya ba ni mamaki fiye da komai, a ƙasar da kowace kwana akwai gunki. Abin da ke ciki wata tsaga ce a jikin dutse, idon ruwa yana ɓuɓɓugowa ta cikinta, an lulluɓe ta da jan ƙyalle da furanni. Mutum ya durƙusa, ya taɓa ruwan, ya wuce.

Labarin da suke bayarwa shi ne Sati, matar Shiva, ɗaya daga cikin manyan allolin Hindu, ta kashe kanta saboda wulaƙancin da mahaifinta ya yi wa mijinta a wani taron hadaya. Shiva ya saɓi gawar yana yawo da ita cikin haukan baƙin ciki har duniya ta nemi rushewa, sai wani allan nasu, Vishnu, ya yi ta yankan gawar gunduwa-gunduwa, kowace gaɓa ta faɗi a wani wuri. Yawanci 51 ake ƙirgawa. A nan Nilacal, in ji su, al'aurarta ta faɗi, mafitar haihuwa. Shi ya sa duk shekara a watan Yuni, da damina ta kankama, ake rufe ɗakin kwana uku a ce allahiyar tana al'ada, ba a noma, ba a buɗe littafi, rana ta huɗu a buɗe a raba wa mutane guntayen jan ƙyalle. Sunan bikin Ambubaci, dubban ɗaruruwan mutane ke zuwa. A sauran wuraren bautar Hindu da yawa mace mai haila ba ta shiga. A nan hailar ce ake yi wa biki. Na riƙe wannan a raina, don na ga alamar a nan bakin zaren yake.

Da dare, bayan an ci abinci, muka zauna da Baba a baranda, kowa da kofin shayi. Shayin Asam ne, ƙasar da ke fitar da kusan rabin ganyen shayin Indiya, kuma ba su cika masa madara kamar na mai shayin unguwarmu ba. Na yi ta kewaye-kewaye, shi ya gaji ya ce, "Ɗana, tambayi abin da ka zo tambaya. Maganar mata ce, ko?"

Na ce ita ce.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara arba'in da wani abu yana kan wannan hanya, abin da ya sani shi ne tashi ƙarfe huɗu na dare, wanka da ruwan sanyi, da zama wuri ɗaya har ƙafa ta mutu. Amma bai musa ba. Ya ce akwai hanyar dama, akwai hanyar hagu. 'Yan hagu suna da wata ibada ta abubuwa biyar, waɗanda duk sunansu da harafin "ma" ya fara a Sanskirit: giya, nama, kifi, gasasshen hatsi, da saduwa. Ga Bahindun da aka rena a kan tsarki da ƙazanta, wanda ko inuwar wani ba ya so ta taɓa shi, waɗannan su ne ƙarshen abin ƙyama. Malami yakan sa almajirin da ya yi nisa ya fuskance su a cikin ibada, a ɓoye, da ƙa'ida, don a karya masa tsoro da ƙyama da girman kan "ni mai tsarki ne". 'Yan dama kuwa, irinsa, musanyawa suke yi: ruwan kwakwa a madadin giya, citta a madadin nama, furanni biyu a haɗa a madadin na biyar ɗin. Ya ce ko tsohon littafinsu Kularnava ya yi wa masu fakewa da wannan ba'a, cewa da shan giya na kai mutum ga kamala, da duk mashayan gari waliyyai ne.

"Turawa suka zo gona mai faɗin gari," in ji shi, "suka tsinki barkono ɗaya suka tafi da shi kasuwa."

Daga baya na bi sawun maganar na tarar haka ne. Tun farkon ƙarni na 20 wani Ba'amurke mai suna Pierre Bernard ya buɗe ƙungiyar tantra a can, daga shekarun 1970 kuma Rajneesh da almajiransa suka cika kasuwa da irin wadda intanet ke tallatawa yau. Amma akwai Baturen da Baba yake ambata da girmamawa, John Woodroffe, alƙali a babbar kotun Kolkata, wanda ya zauna gaban malamai ya fassara littattafan da sunan aro Arthur Avalon. Littafinsa na 1919 ne ya kai wa Turai labarin cakra, wato guraren nan na cikin jiki da ake tara hankali a kansu, daga wani rubutun Bengal na ƙarni na 16. Launukan bakan gizo da ake liƙa wa cakra a hotuna kuwa ƙarin gishirin Turawa ne na baya-bayan nan.

Na ce to in ba wannan ba, mene ne abin?

Ya ce in fara da kalmar. Tantra asalinta zaren wadari ne, wanda masaƙi ke miƙewa kafin ya fara jefa ƙoshiya. Daga nan ta zama sunan littattafan da suka fara bayyana wajen ƙarni na 6, waɗanda suka zo da wata da'awa mai ƙarfin hali. Tsofaffin masu zuhudun Indiya sun ce duniya ruɗi ce, jiki kurkuku ne, mai neman tsira ya bar gida, ya bar mata, ya shiga daji ya ƙuntata wa kansa. Masu tantra suka ce a'a. Duniyar nan da jikin nan saƙa ɗaya ce, kuma zaren da ke cikinta shi ne Shakti, ƙarfin da ke motsa komai, wanda suke ɗauka mace ce. Shiva shi ne sani tsantsa, mai kallo ba ya motsi. Suna da karin magana cewa Shiva in babu Shakti shava ne, wato gawa. Saboda haka wanda ya gudu daga jiki ya gudu daga wurin da abin yake. Ƙasar da ta kayar da kai, in ji Baba, ita za ka dafa ka tashi. A nan na gane jan ƙyallen da idon ruwan: abin da wasu suka kira ƙazanta, su sun ce ƙofar da kowa ya shigo duniya ta cikinta ce.

Yogar kuwa aikin da ake yi ne a cikin jikin. Ya miƙe zaune, ya nuna gadon bayansa da yatsa. Sun ce akwai hanyoyin iska 72,000 a jiki, uku ne manya: ɗaya a hagu, ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya tana bin ƙashin baya. A gindin ta tsakiyar Shakti tana barci kamar macijiya ta yi gammo, naɗi uku da rabi, sunanta Kundalini. Numfashin mutum kullum hagu da dama yake kaiwa da komowa, kamar yadda zuciyarsa ke kaiwa da komowa tsakanin so da ƙi. Aikin jogi shi ne ya daidaita biyun har iska ta shiga ta tsakiya, macijiyar ta farka, ta hau tana ratsa matattara shida, daga gindi zuwa mara, cibiya, ƙirji, maƙogwaro, tsakanin gira, har ta isa tsakar ka inda Shiva yake. Kayan aikin su ne riƙe numfashi, da mantra, wato kalmomin wuridi da ake maimaitawa, da zane-zanen da ake zuba wa ido, da taɓa gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya ana ɗora wa kowace harafi har jikin ya zama ɗakin ibada. Ya ɗauko wani farantin jan ƙarfe ya nuna mini zanen da ake kira Sri Yantra, dala tara sun sarƙe da juna, huɗu suna kallon sama, biyar suna kallon ƙasa, ɗigo ɗaya a tsakiya. Na daɗe ina kallo. Duk wanda ya taɓa ganin hatimi a allon malamin zaure zai ji wani abu ya motsa masa.

Ya ƙara da cewa wannan lanƙwashe-lanƙwashen da ake yi a kan tabarmar roba a manyan birane don rage tumbi jikan wannan ne. Hatha yoga ta bunƙasa ne a hannun jogin Nath, mabiya Gorakhnath da malaminsa Matsyendranath, wanda aka ce a nan Kamarupa ya karɓi ilminsa daga wasu mata masu yoga. Reshen 'yan Buddha kuma ya haura Tibet da Butan, har Japan.

Manufar fa? Kalma biyu ya ba ni, bhukti da mukti, cin moriyar duniya da kuɓuta daga gare ta, kuma ba sai an mutu ba. Mutum yana raye, yana da mata da 'ya'ya, yana karɓar fansho, amma ya kuɓuta. Ya kawo sunan Abhinavagupta, malamin Kashmir da ya rayu wajen shekara ta 1000, mai littafin Tantraloka mai babi 37, ya ce su mutanen Kashmir ba su kira abin samu ba, ganewa suka kira shi. Misalinsu shi ne budurwar da ta kamu da son wani saurayi saboda labarin halayensa da take ji. Ran nan ya zo ya tsaya a gabanta, ba ta san shi ne ba, ta dube shi kamar kowa, ba ta ji komai ba. Sai wata ta ce mata ai shi ne wannan. Ba abin da ya ƙaru a ɗakin, amma komai ya sauya. "Abin da kake nema," in ji Baba, "shi ne yake leƙowa ta idonka. Kai ne Shi, mantawa ka yi."

A nan na ajiye kofina. Na ce Baba, mu a wurinmu bawa bawa ne, Ubangiji Ubangiji ne, komai kusancin da aka samu. Na san a cikin sufayenmu akwai waɗanda suka yi magana mai kama da wannan, kuma har gobe malamai ba su gama faɗa a kansu ba, amma ni ga inda na tsaya. Na zaci zai ji haushi. Sai ya ce ai ko a cikinsu akwai irina: 'yan Shaiva Siddhanta na kudancin Indiya masu tantra ne, amma sun ce rai daban, Shiva daban, har abada. Shekara dubu ke nan ana wannan gardama, ba a baranda ɗaya za mu ƙare ta ba. Ya ƙara mini shayi.

Na ce saura maganar Ibn Batuta. Ya ɗan ɓata fuska. Ya ce Balaraben bai yi ƙarya ba. A cikin littattafan akwai ayyuka shida da ake yi da mantra, ya lissafo su, ni kuwa ina fassarawa a zuci ina jin tsigar jikina na tashi: kwantar da cuta, mallaka, ɗaure mutum ya kasa motsi, farraƙu, korar mutum daga garinsu, da kisa. Korar nan ai kurciya ce, ba ragi ba ƙari. Na yi tafiyar dubban mil na zo na tarar da kayan bokan ƙauyenmu a cikin Sanskirit. Ya ce akwai wani ƙauye gabas da Guwahati, Mayong, da ya yi suna a kan wannan, kuma a kan dutsen nan ma in ka nuna kuɗi za ka sami mai yi maka alkawarin komai. Malaminsa ya gaya masa irin waɗannan baiwa tsakuwa ce a hanya, mai tsayawa tsinta ba ya isa gida. Ko ya taɓa gwadawa? Ya ce da yana da wannan ƙarfi da ya fara da sugan da ke jininsa.

Abu ɗaya ya ƙi gaya mini, mantrar da yake ja. A kunne malaminsa ya raɗa masa ita ranar da ya ba shi izini, kuma ko matarsa ba ta sani ba, ita ma tana da tata. Ba a ɗaukar wannan hanya daga littafi, in ji shi, sai da malami, shi ma da nasa malamin, a jere har sama. Mace tana iya zama malama, kuma a ƙa'ida ba a tambayar asalin mutum ko ɗan wane ne, abin da ba ƙarami ba ne a Indiya. Izini, silsila, wuridi, halwa, sirrin da ba a faɗa wa wanda bai shiga ba. Na fara hango abin da Shehu Gausu ya gani. Tufafin ya gane, ya ɗauki dabarar numfashi da zama, ya cire sunayen da ke ciki ya sa sunayen Allah. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, wannan shari'ar ta fi ƙarfina, amma na daina mamakin tawadar.

Daren ƙarshe na farka wajen ƙarfe huɗu da rabi don in yi alwala. Ƙofar ƙaramin ɗakinsa a buɗe take kaɗan. Yana zaune a ƙasa ya harɗe ƙafafu, bayansa a miƙe kamar an sa masa sanda, fitilar mai a gabansa, hannunsa na dama a cikin wata 'yar jaka inda carbinsa mai ƙwaya 108 yake. Leɓensa ba ya motsi. Abin da na lura da shi numfashin ne: ya shaƙa a hankali, sai shiru, shirun ya yi tsawo har na fara ƙirgawa, sannan ya sake shi kamar ba ya so. Da rana ya gaya mini akwai wani tsohon littafin Kashmir mai dabaru 112 na tara hankali, na farko-farkonsu shi ne mutum ya lura da ɗan tsayawar nan da ke tsakanin shigar numfashi da fitarsa. Na wuce bayan gida da butata a hankali don kada in yi motsi. Na shimfiɗa darduma a falo, na duba alƙibla a waya, ta nuna yamma.

Kafin mu kama jirgin komawa abokina ya ce sai ya kai ni wurin namu. Muka ƙetare kogi zuwa Hajo, tafiyar kamar awa ɗaya a mota. A kan wani tudu akwai masallaci da kabarin wani waliyyi, Giyasuddin Auliya, rubutun da ke jikin bango ya nuna an gina masallacin a 1657 zamanin Shah Jahan. Sunan wurin Powa Makka, wato rubu'in Makka, don mutanen garin sun ce an zuba ƙasar Makka a harsashinsa kuma mai ziyara yana samun kashi ɗaya cikin huɗu na ladan hajji. Na ce a raina, wannan magana da za ta isa kunnen malaman unguwarmu da an yi wata guda ana raddi. A tudun da ke kallonsa akwai ɗakin bautar Hindu wanda 'yan Buddha ma ke zuwa. Na yi azahar a bayan wani limami mai jan gemu na lalle, abokina yana zaune a kan matakala yana gadin takalmana, kamar yadda na yi gadin nasa a Nilacal.

Muna saukowa waya ta yi ƙara. Inna ce.

"Ka ga matsafan?"

"Na ga wani tsoho mai ciwon suga, Inna. Ƙarfe huɗu yake tashi."

"Yana salla?"

"A'a."

"Allah Ya shirye shi. Shi sugan, ka ce masa ya riƙa shan tafasasshen ganyen zogale. Akwai zogale a can?"

Na ɗaga kai, ga shi nan a bakin hanya, ya yi tsawo ya wuce katangar wani gida.